Matar Fasto Ta Hau Teku

Neiafu, Tonga

Zuwa ga maigidana Pelenato,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ɗiyarmu Luafata da jikoki. Ya hidimar coci?

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya, sai ka mayar da hira wa'azi. Saƙon dattawan coci ya iso ni, wai matar fasto ta zubar wa ƙauye mutunci, ta bi yara cikin jirgin ruwan da ba shi da inji, iska ke kora shi, in yi maza in dawo. Ka ce musu na ji, kuma ba zan sauka ba sai mun kai Vanuatu.

Tun ranar da aka naɗa ka fasto nake zaune a kan tabarma. Ina taɓa tsintsiya wata za ta fizge, wai girmana ya fi haka. Kullum gidan da layi ya zo kansa ya kawo mana kwando, ga naman gishiri, ga na gwangwani, ga gwaza tana iyo a madarar kwakwa, kuma in ka mayar da loma ɗaya ka ci mutuncin zuri'a guda. Haka muka yi ta cin girma har likita a Apia ta ce ciwon sukarina ya kama hanyar da na yayata Apaula ya bi. Ranar da aka yanke wa Apaula ƙafa kai addu'a ka yi, ni ce na riƙe ta tana kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada ka ɗauka a jirgi na tsira, ai yaran jirgin 'yan ƙasarmu Samoa ne. Ina hawa suka shimfiɗa min tabarma a inuwa, suka miƙo min kwanon farko. Na ce da Matalena, shugabar jirgin, "Ke 'yar nan, da zama nake so ai da ban bar gida ba. Ba ni igiya ko in ja kunnenki." Ta ce, "Haba Mama, in kika faɗa ruwa wa zai tari Fasto da maganar?" Na ce, "Sai ya taso ya neme ni, shi ma ya samu motsa jiki." Dole ta ba ni igiyar.

Da farko na yi amai har na raina kaina, tafin hannuna duk ya saɓule. Yanzu kuwa ni da wata yarinya muke riƙe ƙaton itacen tuƙi, ruwa na marinmu, ina ihu kamar ba ni ba. Kifin da muka kama shi muke ci. Ban bar maganina ba, kuma awon sukari yana ta sauka. Na ji tsoro, na yi kewarka ƙwarai, amma rabona da in ji jikin nan nawa ne tun ina budurwa.

Ka gaida kowa, har dattawan.

Taka,
Fuatino

Levuka, Fiji

Pelenato nawa,

Ina gaishe ka, ina kuma tambayar jiki, ko da yake na san amsar da za ka ba ni. Sannu. Ubangiji ya ba ka sauƙi.

Luafata ta kira ni jiya. Ashe an kwantar da kai asibiti, an yanke maka yatsan ƙafa, ka hana a gaya min. Na zauna a bakin ruwa na yi kuka, daga baya kukan ya koma fushi. Na ji dattawa na cewa don matarka ta bar gida ne abin ya same ka. Ƙarya suke. Tare muka ci abin da ke cikin kwandunan nan, kai da ba ka iya ce wa kowa a'a har ka fi ni ci.

Gobe jirginmu zai kama hanyar Vanuatu ba tare da ni ba. Matalena ta rungume ni ta ce, "Mama, wa zai riƙa yi mana masifa?" Raina yana son tafiyar nan kamar me, amma na fi son ka.

Sai dai kada dattawa su yi murna. Ba zama zan zo yi kusa da kai ina yi maka fifita ba. Zan tsaya gaban matan coci in ce daga yau kifi da dafaffiyar gwaza za a kawo gidan fasto, wadda ta kawo naman gishiri ta koma da abinta, in ta ga dama ta daina gaishe ni. Kai kuma ranar da likita ya ce ciwon ya warke, ka sa takalmi. Za mu hau dutse zuwa gonar mahaifinka da ta zama daji, adda a hannuna, duk ƙauyen na kallo. Yatsu tara sun isa su kai mutum gona, kuma ba zan bari su koma takwas ba.

Sai na iso, ka huta da kyau tun da sauran dama.

Matarka,
Fuatino