Layuka Ukun da Babana Ya Ɗora

Anti Odessa, don Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana tara na kasa zama a falona. In na zauna sai in miƙe, in na shiga kicin sai in dawo in tsaya ina kallon bango. Ko a wurin aiki hankalina yana kan bangon nan.

Ban ma san ta inda zan fara ba. Shekarata arba'in da shida, ina aiki a wani kantin magani a nan Buffalo. Na daɗe ina sha'awar jan bulo a bangon falonmu, wanda yake tsakanin taga da murhun jin ɗumi. Ba ginin gaske nake nufi ba, siraran nan ne da kaurinsu bai wuce yatsa ba, ana manna su kamar tayil. Na ɗaura allon siminti a bangon, na ja layi da alli, duk Asabar da Lahadi ina ɗora layi biyu ko uku. Na kai daidai ƙuguna, kuma wallahi ya yi kyau.

Babana, Casimir, shekararsa saba'in da takwas. Birkila ne, shekara arba'in da ɗaya yana ɗora bulo, har yanzu in muna tafiya a mota yakan nuna coci ko makaranta ya ce aikinsa ne. Tun rasuwar mamarmu bara ya dawo gidana. Ranar da ya ga kwalayen bulon sai ya zaro guda ɗaya daga ciki, ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan bulo ne ko biskit?" Amma bai tafi ba. Ya jawo kujera ya zauna a bayana yana ta faɗa, kwaɓinki ya yi ruwa, tazararki ta yi faɗi, wa ya koya miki riƙe cokalin gini kamar mai shafa bota a burodi. Ina jin haushi, ina kuma jin daɗi, domin tun jana'iza ban ji ya yi doguwar magana haka ba.

Ranar Talatar makon jiya na dawo daga aiki na tarar ya ɗora layi uku shi kaɗai. Ya wanke kayan aikin tas, ya jera su a kan jarida, yana zaune yana jirana da murmushi. Ya ce, "Ga yadda ake yi, 'yar gidana." Anti, layukan a karkace suke. Daga taga zuwa murhu sun gangara kusan kaurin yatsu biyu, wasu gaɓoɓin da ke tsakanin bulo da bulo ma sun hau kan juna, abin da a da yakan kori ma'aikaci a kansa. Na buɗe baki na ce ya yi kyau, Baba. Na rungume shi don kada ya ga fuskata.

Mijina Lowell ya ce in bar abin, mu tura kabad ɗin littattafai gabansa, bango ai bai fi tsoho ba. Yayana Stefan kuwa, da na kira shi a Rochester, cewa ya yi in ɓamɓare su ranar Lahadi in Baba ya tafi coci, in sake ɗora su daidai, ai ba zai gane ba. Maganar nan ce ta tsinka min zuciya. Ba zai gane ba. Ina ajiye wayar sai abubuwa suka riƙa dawo min. Yadda yake zuba shayi a gefen kofi maimakon ciki. Yadda ya daina karanta jarida wai duk ƙarya ce a ciki. Madubin gefen a-kori-kurarsa da ya fashe, ya ce wani ne ya goge shi a bakin kasuwa. Kuma har gobe yana tuƙa kansa zuwa coci, duk Alhamis kuma zuwa maƙabarta wajen Mama.

Yanzu aiki ya tsaya cik. In na ɗora a kan nasa, haka bangon zai yi ta gangara har silin. Ga shi Lahadi ta sama abokan aikinsa biyu za su zo buga karta, ya riga ya yi musu alfahari a waya. Ɗayansu, Benedykt, bakinsa ba linzami. Na rataya zanin gado a bangon na ce saboda ƙura. Sau uku ina ɗaukar guduma ina ajiyewa. Jiya na sauya wa kujerun falo wuri har sau biyu, ban san dalili ba. In faɗa masa? In bi shawarar Stefan? Ko ni ce nake mai da ƙaramin abu babba?

Mai Rabin Bango, Buffalo

Ya ke Mai Rabin Bango,

Ajiye gudumar tukuna. Matsala biyu kika haɗa a wasiƙa ɗaya, kuma bangon ne ƙaramar.

Ki nema wa Babanki ganin likitan ido a makon nan. Ni ba likita ba ce, amma sau da yawa a shekarunsa yanar ido ce, kuma ana cire ta. Yana iya zama wani abin daban, shi ya sa ba a jira. Kafin a duba shi, ke ko Lowell ku riƙa kai shi coci da maƙabarta. Kada ku ɓoye mukulli ku ce ya ɓace. Ku gaya masa dalili.

Mijinki yana da gaskiya cewa uba ya fi bango, amma kabad ba ya gyara ido. Yayanki ma yana da gaskiya cewa layukan nan sai sun sauko, sai dai hanyarsa ba ta yi min ba. In kika gyara a ɓoye, kin yanke hukunci ke nan cewa mahaifinku ya wuce a gaya masa gaskiya. Daga ranar kuma kowa a gidan zai riƙa lallaɓa shi, shi kuwa zai ji a jikinsa.

Ina ma zargin ya fi ki sanin halin da yake ciki. Wanda ya daina karanta jarida ya san abin da ya hana shi. Wataƙila layukan nan gwaji ne ya yi wa kansa, yana jiran ya ji ta bakinki.

Don haka ki yi masa magana da yaren sana'arsa, ku biyu kawai, kafin abokansa su zo. Ki ja zare daga taga zuwa murhu, ki kama hannunsa ki bi da shi a kan zaren da kan bulon. Yatsunsa za su gaya masa abin da kike tsoron faɗa. Sannan ki ce, Baba, na yi maka ƙarya ranar Talata, ka yafe ni. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwana biyu bai kula ki ba. Ki daure. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Sauke layi uku aikin yini ɗaya ne. Ki sa gilashin kare ido, ki bi a hankali, wasu za su karye, allon ma wataƙila ya so faci. Bayan nan ku raba aiki: ke ki riƙa jerawa a kan zare, shi ya riƙe kwaɓi da cike gaɓoɓi, domin wannan hannu ne yake yinsa, kuma har yanzu ba ki kama ƙafarsa a nan ba. In abokan sun zo suka tarar da rabin bango, ba abin kunya ba ne, magina sun saba ganin aiki a tsakiya.

Kin ce kin ji daɗin faɗansa. To ki ba shi aikin da zai ci gaba da yi miki faɗa a kai. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya. Ki kira likitan yau, kafin ki sake taɓa kujerun nan.

Taki,
Anti Odessa