Ni da 'Yata Rifkatu, 'Yan Ina Ne?

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke sa hannu a takardar shaidar ɗan asalin gari,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, ni ne Dauda Ishaya, manomi, wanda ka sallama ranar Litinin da ta wuce ba tare da ka ɗago kai ba. Ban ji haushi ba, na lura wayarka tana da nauyi. 'Yata Rifkatu ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya, kuma an ce in ba ta kai takardar indijin kafin ƙarshen wata ba, za a ba wata. Ka ce ba za ka sa hannu ba, domin babana baƙo ne daga kudancin Kaduna. Na tambayi abin yi, ka ce in koma garinmu. To, na bi umarni, ga rahoto.

Na ɗaya, na je garin babana. Tun yana saurayi ya baro shi ya biyo masu aikin hanya, ni kuwa ban taɓa taka shi ba sai wannan karon. Wata tsohuwa ta gaishe ni da yarensu, na amsa mata da lafiya lau, ta yi dariya har da riƙe ciki. Sun ba ni abinci, sun nuna mini kangon kakana, sannan dagacinsu ya ce cikin ladabi ba zai shaidi mutumin da bai sani ba, in koma Birnin Gwari inda aka haife ni. Wato kai ka tura ni can, su sun turo ni nan, direbobi kaɗai ke cin ribar asalina.

Na biyu, ka ce in kawo hujjar da ido zai gani. Akwai ta. Kabarin babana yana ƙauyenmu, gaba da Gwaska kaɗan, kusa da mangwaron da ya dasa da gonar da ya sare da gatarinsa. Matsalar ita ce ƙauyen ya watse, duk mun dawo cikin gari, kuma kabari ba ya hawa babur. Amma kai kana iya hawa. Zan goya ka da kaina, man ma nawa ne. Na faɗa wa masinjanka haka, ya ce ko gwamna za a naɗa shi a wannan hanya ba zai bi ta ba.

Na uku, in shaidu kake so, ina da waɗanda ba sa kuskure. Daminar bara waccan ɓarayin daji suka ɗauke ni ina tsakar noma. Ba su nemi takarda ba. Sun kira ni da sunana da na babana, sun san iyakar gonarmu, har sun san wace saniya ce tawa. Na kwana a dajin daure da igiya ɗaya da Malam Audu maƙwabcina, ba wanda ya ce a sassauta wa baƙo. Su sun gama tantance ni tuni. Haka ma masu neman ƙuri'a, in zaɓe ya ƙarato ɗan gida suke kirana, har da rungumar da ban nema ba.

Na huɗu, mutane sun ba ni shawarwari. Wani ya ce in sa na goro a ƙarƙashin takardar, na ce ina ganin girmanka. Shi kuwa Malam Audu ya zo har gida ya ce a rubuta Rifkatu a matsayin 'yarsa, tunda ta girma a tsakar gidansa, yau ɗin nan za a sa hannu. Na san zai yiwu, an yi wa wasu. Na yi masa godiya, na shiga ɗaki na yi kuka, domin ina raye ake neman aro wa 'yata uba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sake duba takardarmu kafin wata ya mutu. Mai unguwarmu yana nan cikin gari, a shirye yake ya zo ya rantse. In kuma har yanzu ba mu cancanta ba, ka taimaka ka rubuta mini sunan garin da muka fito, ka buga hatimi. Ko ina ne zan kai yarinyar. Ta riga ta ɗinka farin kayanta, kullum sai ta goge su ta tambaye ni ko an sa hannu, ni kuma ƙaryata ta kusa ƙarewa.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare hanyarka, ya sa 'ya'yanka su nemi tasu takardar kana da rai, kuma da sunanka.

Wassalam,
Dauda Ishaya.