Kada a Rushe Zauren Baba

Yaya Barau,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da mutanen Gagarawa? Ni lafiya lau, sai sanyi, kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Tsohon gidan da muke gyarawa a nan Ingila na dutse ne har rufinsa, da wani ɗan ƙaramin gini a gefe. Na ga tsaga a bango na kwaɓa siminti, sai maigidan ya riƙe hannuna. Wai hukuma ta hana, sai farar ƙasa irin ta kakanninsu.

Tun ranar nake tunanin zauren Baba da na matsa muku ku rushe ku sa bulo. Don Allah ku dakata, a yaɓe shi kafin damina. In kuma an riga an rushe, ko azara ɗaya ce ka ajiye mini.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Mu'azzam