Kwaɗon Ɗakin Girkin Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara, ya kuma yaye maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana amma matarka take faɗa. Mu nan lafiya lau. Kawu ya samu sauƙin ƙafa, har ya koma zaman ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tafiya. Na kira ka a waya har na gaji, kullum sai wata mata mai sanyin murya ta ce ba a same ka ba, shi ya sa na ɗauki biro. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, don raina a ɓace yake, kuma ka san ni.

Ka tuna tsohon siton nan na bayan tashar mota, mai rufin kwano da ya yi tsatsa? Can aka sauke mutanen da yaƙi ya koro daga ƙasarsu, aka raba musu wurin da labulen buhu. Ƙungiyarmu ta matan unguwa ta ce za ta riƙa dafa musu abinci duk Asabar a makarantar da nake koyarwa, don su saba da mu, mu saba da su. Niyya mai kyau, ban musa ba. Amma ɗakin girkin makarantar taga gare shi, 'yar ƙarama, wadda ake miƙa wa ɗalibai abinci. Mu muna ciki, su suna waje a layi da kwanoni. Wata da watanni ba mu san komai nasu ba sai hannuwa. Shugabarmu, wadda nake kira Uwar Hoto saboda ba ta zuba ludayi ɗaya sai an ɗauke ta a waya, kullum cewa take an samu haɗin kai. Na ce mata ni dai a labarin gidan yari kawai na karanta zumunci ta taga. Ta ce littafi ya ɓata ni.

A cikinsu akwai wata mata, Uwar Tagwaye muke ce mata, don 'yan matanta biyu suna ajina. Da suka zo ko kallon allo ba sa yi, yanzu har faɗa suke a kan wadda za ta fara karatu. Wata Asabar sai matar nan ta zo da tukunya a naɗe cikin zane, ta turo ta ta tagar, daga waje zuwa ciki. Tagar da ba ta taɓa ganin abinci ya shigo ba. Ta dafa ƙirji, ta nuna mu da hannu, ta koma ƙarshen layi. Ƙamshin ya cika ɗakin, ƙamshin da ban sani ba, mai tsami-tsami da albasa da ta sha wuta. Ni ina wajen famfo ina wanke tukwane. Ashe a bayana an yi shawara. Uwar Hoto ta ce haba, su da ba su da komai, ina mu ina cin abincinsu, ai alhaki ne. Matar mai kemis ta ce gaskiya ne, a mayar wa mabuƙata. Yaya, sai suka buɗe tukunyar suka riƙa ɗora wa kowa cokali guda a gefen shinkafa. Da na juyo, layi ya zo kanta. Da idona na ga an zuba mata girkinta a kwanonta, ana mata murmushi. Ta kalli kwanon, ta kalli tagar, ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta kama hannun 'ya'yanta ta tafi.

Abin da na faɗa a ɗakin nan ba zan rubuta shi ba, kada Anti ta karanta. Abin da ya fi ƙona mini rai, har yau ba su ga laifinsu ba, tausayi suka ce sun yi. Asabar ta gaba muka dafa, babu wanda ya zo. Muka zauna da tukwane cike muna kallon juna. Ran Litinin tagwayen suka ce mini uwarsu ta ba da sunansu a motar da za ta kwashi masu son yin gaba a ƙarshen wata. Gaba ina? Su ma ba su sani ba.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Na je siton wurin uwarsu, wani tela daga cikinsu ya yi mana tafinta. Ta ce a bayan siton ta yi girkin, a kan duwatsu, mai gadi yana mata tsawa a kan wuta. Ta ce ba yunwa ce za ta kore ta ba, mun ƙosar da ita, Allah ya saka. Amma a gidanta na da, ba a taɓa wucewa ta ƙofarta da rana ba a ci wani abu ba. Ta ce hannunta ya gaji da riƙon kwano, ludayi yake nema, kuma garin da ba za a ci nata ba, ba za ta iya tsufa a cikinsa ba. Na roƙi shugaban makaranta ya bar ta ta shiga ta yi girki, ya ce doka ta hana baƙo shiga. Ya faɗa yana goge tabarau, bai ko dube ni ba.

To, ga inda maganar ta zo kanka. Tun rasuwar Inna ka sa wa ɗakin girkinta kwaɗo, ka tafi da makullin, ka ce kada a taɓa ko cokali sai ka dawo. Na san kewa ce, ni ma uwata ce. Amma Innar da ta ciyar da direbobi da 'yan dako da duk wanda ruwa ya tsare a zaurenmu, kana ganin za ta so gizo-gizo ya gaje ta? Na kira maƙeri ya fasa kwaɗon. Kawu yana kallo, ya ce shi idonsa ba ya gani sosai kwanan nan.

Jiya Uwar Tagwaye ta yi girki a murhun Inna. Ita ta share ɗakin, ta hana ni taɓa tsintsiya, ta sa ni yankan albasa, ta kuma dawo mini da ita wai ta yi kauri. Na aika wa matan ƙungiya cewa kowa ta zo da kwanonta, ba hoto, kuma za a yi layi. Wasu sun ƙi. Uwar Hoto ta zo, fuska a ɗaure, ta tsaya a bayan tela da kwano a hannu. Ta ci, tsamin ya sa ta runtse ido, sannan ta miƙa kwanon a ƙara mata. Ban yafe mata ba tukuna, amma na matsa mata a tabarma.

Kada ka ɗauka an gama. Sunan matar yana nan a motar, ba ta ce ta fasa ba, ni kuma ban tambaya ba don tsoron amsa. Sai dai da za ta tafi, ta wanke tukunyarta, wadda ita kaɗai ta tsira da ita daga gida, ta rataye a ƙusar da Inna ke rataye matankaɗi. Ta sa tela ya tambaye ni ko mai ɗakin ya yarda. Na ce zan tambaye shi. In ka ce a rufe, tukunyar za ta sauko, tagwaye su bar ajina. Don Allah ka ba ni amsa kafin ƙarshen wata, ko da kalma ɗaya ce.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce ta tilasta maka ganin likita. Ka gaishe da takwarata da Autan gida. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, Gwaggo ta ce in faɗa maka ita ma ta ci, kuma gishiri ya yi daidai. Kwaɗonka yana nan a kan taga, na ajiye maka shi, amma ba ya ƙara rufe komai.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Malamar gidanku