Ƙarfen da Kuka Ƙara wa Tsawo a Kan Dutsenmu

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya kafa ƙarfen sabis a kan dutsen gabashin garinmu, a ƙasar Roni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Ni manomi ne, gonata tana gindin dutsen nan. 'Yata Bilkisu tana tuƙa ƙaramin jirgin sama, kuma hanyarta takan biyo ta kanmu. Ita ta fahimtar da ni cewa idan jirgi ya shiga gajimare matuƙi ba ya ganin komai, da na'urorin gabansa yake tafiya. A taswirarsa an rubuta tsayin da ba zai sauko ƙasa da shi ba, an auna shi daga abu mafi tsawo a yankin, aka bar rata.

Na ɗaya, bara bayan girbi ma'aikatanka suka ƙara wa ƙarfen tsawo, a kan idona. Da Bilkisu ta zo gida da sallah ta ɗaga kai, sai na ga fuskarta ta canza. Ta bincika, ta tarar tsohon tsayin ne a taswira har yau, domin ba ku sanar da hukumar jiragen sama ba. Kun cinye ratar da aka bar mata, ita ba ta sani ba.

Na biyu, jar fitilar kan ƙarfen, mai yi wa jirage gargaɗi, ta mutu tun da rani. Na hau dutsen da ƙafata, na iske an cire batirinta ana yi wa 'yan gari cajin waya. Wannan wane irin sakaci ne?

Na uku, na je ofishinku na Kazaure, aka ba ni kujera da ruwan sanyi, aka ce oga ya fita. Ba ruwa na zo sha ba.

Ga damina ta kama. Duk lokacin da na ji ƙarar jirgi cikin hadari, sai fartanya ta faɗi daga hannuna, in tsaya har ƙarar ta wuce dutsen.

Ina roƙo ku kai wa hukuma ainihin tsayin, ku mayar da batirin, ko ku sauke abin da kuka ƙara. Allah ya yi maka jagora, ya raya maka naka 'ya'yan, kada ya sa ka taɓa tsayawa a gona kana jiran ƙarar jirgi ta wuce.

Wassalam.

Mahaifin Bilkisu, daga gindin dutsen.