Tsagar Bangon Gabas

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na rubuto ne tunda kunnenka ba ya shiri da waya, maganar kuma ba ta ɗaga murya ba ce.

Banki ya turo ofishinmu mu ƙimanta wani bene hawa biyu, ga hotonsa ta waje na haɗo maka. Wata malama ce za ta saya ta buɗe makarantar yara ƙanana, kuma da rahotona za a ba ta kuɗin. Na je na auna komai. Bangon gabas kaɗai aka yi wa sabon fenti, da na shafa hannu sai na ji tsaga a ƙarƙashinsa tun daga ƙasa har taga. A sama ƙofofi uku ba sa rufuwa. Na kwantar da kwalbar ruwana a tsakar ɗaki, ta gangara da kanta har kusurwa.

Na faɗa wa maigidana na ofis. Ya ce, "Ke farashi aka tambaye ki, ba injiniya ba ce ke. Sa hannu kafin Alhamis." Mai sayarwar abokinsa ne. Baba, shekara arba'in ka yi kana gini. Wannan tsagar filasta ce kawai, ko tsorona yana da dalili? 

A gaida Inna.
'Yarka

Uwata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, bakin Innarki ne dai har yanzu bai gaji ba.

Gini kamar mutum ne, in ya tsufa dole ya yi tamoji. Kada ki ɗaga hankalinki. Amma shawarata, ki ce ba ki da lafiya, a ba wani aikin. Gidan da matakalarsa ke bayan kicin, ga rijiya a rufe ƙarƙashinta, ba na mace mai goyo ba ne ya riƙa hawa da sauka. Ki bar shi.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau huɗu. Ban faɗa maka inda matakalar take ba. Rijiyar kuwa ko ni ban san da ita ba, sai jiya da na koma na ɗaga tabarmar roba na ga murfin siminti.

Na tarar da malamar a can tana auna ɗakunan sama da igiya. Ta ce mini, "Nan 'yan shekara uku za su riƙa barcin rana, ya fi iska." Har ta riƙe hannuna tana godiya. Na kasa kallon idonta.

In na janye, wanda ke teburin kusa da ni zai sa hannu ko gidan bai je ba. Don Allah Baba, ina ka san gidan nan?

'Yarka

Uwata,

Sallama. Na fara takardar nan sau uku ina yagawa.

Ni na gina shi, kina aji biyu a firamare. Wurin kududdufi ne aka cike da shara da ƙasa. Na ce a zurfafa tushe, mai gidan ya ce ba shi da lokaci. Rodin da ya kamata a sa shida a ginshiƙi, huɗu muka sa, sirara. Na yi magana sau ɗaya, ya ce magina sun yi yawa a gari. Innarki tana asibiti lokacin, sai na ja bakina. Hawa ɗaya aka ce mini za a yi, daga baya na ji an ɗora na biyu. Tun ranar ban sake bin layin ba.

Na ce ki janye ne don ina tsoron a tono, a tambayi wa ya zuba tushen. Ban yi tunanin yaran ba sai da kika rubuta. Ko Innarki ba ta san wannan ba.

Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Na rubuta cewa ba zan iya sa wa gidan farashi ba sai injiniya ya duba tushensa, na aika wa banki kwafi da kaina. Maigida bai yi faɗa ba. Ya karɓi makullin motar ofis, ya ce in huta a gida sai an neme ni. Mai sayarwar ya ce zai kai ni ƙara don na ɓata masa ciniki. Malamar ma ta yi fushi, ta riga ta sallami hayar da take ciki.

Injiniya zai zo Litinin. In ya tona inda ke da kyau, ni ce maƙaryaciya. Ban ambaci sunanka ba, kuma ba zan ambata ba.

'Yarka

Uwata,

Ki sa mijinki ya tare ni a tasha ranar Lahadi da la'asar, ba na iya doguwar tafiya. Ki ce wa injiniyan kada ya sa diga a ƙasa sai na iso. Na san ginshiƙin da zai fara tonawa.

Na faɗa wa Innarki. Tare za mu zo.

Babanki