Mujalladi na Uku

Litinin, 6 ga Oktoba

Sun matsar da teburina. Na shiga laburaren unguwa da safe kamar kullum, na tarar da shi a lungu kusa da banɗaki, fuskarsa na kallon bango. A gefen taga, inda na saba zama tun da na yi ritaya, an kafa tsani, wani mai fenti ya hau kai yana fito da baki. Fito, a ɗakin karatu!

Sabuwar shugabar ta zo da murmushinta irin na masu talla. "Baba, a yi haƙuri, baje kolin zane-zane za mu yi ƙarshen wata. Za a kuma riƙa karatun waƙe duk Asabar." Na ce ina laifin karatu kawai? Ta ce ai mutane ba sa zuwa. Na ce ni fa, kujera ne? Ta yi dariya. Ta ɗauka wasa nake.

Laraba, 8 ga Oktoba

Warin fenti har cikin haƙora.

Na ɗauko mujalladi na uku na kundin taswirori, na yi awa biyu a tsibirai. Littattafai uku ne manya masu koren bango, a kantar ƙasa ta ƙarshe. Ba a ba da aronsu, a nan ake karantawa. Da hannu aka zana kowane layi, kuma wanda ya rubuta sunayen garuruwan ya san aikinsa, ko harafi ɗaya bai taka kogi ba. Irin su na yi karatu da su lokacin da ake cewa zan zama wani abu. Na zama wani abun kuwa: na ƙare rayuwata ina zana taswira a ofishin safiyo, da kwamfuta ta zo aka kwashe zanena aka kai sito mai yoyo.

Da na gama na mayar da shi gurbinsa, na daidaita bayansa da na 'yan uwansa. Akwai wata takarda da suka manna tun shekarun baya, wai idan ka gama da littafi ka bar shi a kan amalanken da ke bakin ƙofa, kada ka mayar kan kanta. Koya wa mutane lalaci kenan. Ban taɓa bin ta ba. Ni na san inda littafi yake kwana.

Asabar, 11 ga Oktoba

Karatun waƙe. Wani mai gemun akuya ya yi ta ihu a kan soyayya da lasifika. Na fita.

Litinin, 13 ga Oktoba

Babu su. Duka ukun. Sai ƙura ta fitar da siffarsu a kan kanta.

Na je ofishin shugabar ban ko ƙwanƙwasa ba. Ta duba kwamfutarta ta ce ai an cire su, suna cikin littattafan da ba a karantawa, ana neman fili don baje koli. Na ce kullum ina karanta su. Ta juyo min da fuskar kwamfutar. "Baba, nan ya nuna ba wanda ya taɓa su tun kafin in gama makaranta."

Sai ta yi min bayani a hankali, kamar mai magana da kurma. Wai duk yamma ma'aikata suna shigar da lambar kowane littafi da aka bari a kan amalanke. Ta haka kaɗai suke sanin an karanta littafin da ba a ba da aro. Wanda bai hau amalanke ba, a wurinsu matacce ne.

Ta ce, "A ina kake ajiye su idan ka gama?"

Na tambaye ta ina suke yanzu. Ta ce an ba mai zanen da za ta yi baje kolin. Na ce za ta karanta ne? Ta sunkuyar da kai ta fara gyara biro a cikin gwangwani.

Talata, 14 ga Oktoba

Na gan su. Da ban gani ba.

Ɗakin baya, inda ake ajiye tsofaffin jaridu. Wata yarinya ce, ba ta kai Autata ba a shekaru, ta soke fensir a ɗankwali, gam duk ya bushe a yatsunta. Tana zaune a ƙasa da almakashi irin na tela. Kewaye da ita tsuntsayen takarda ne, an yanka an naɗe, an sa musu zare. Na ɗaga ɗaya. A fiffikensa rabin sunan wani babban birni, sauran rabin yana cikin kwandon shara.

Mujalladi na ɗaya ya ƙare, sai bango. Na biyu ta ci kusan rabinsa. Na uku yana cikin kwali, lafiyarsa lau.

Na faɗa mata abin da na faɗa. Na ce mahauciya ce, na ce wanda bai iya ƙirƙira ba shi ke yanka na wasu ya kira shi fasaha. Ba ta ajiye almakashin ba. Ta ce, "Kawu, takardar shara aka ce min. Da ban karɓa ba da yanzu ana ƙunshe sabulu da su a shago." Na ce ta ba ni na ukun. Ta ce a'a. Wai sai tsuntsayen sun rufe silin ɗin ɗakin karatu daga taga zuwa ƙofa, kuma shuɗi take nema, na ukun ne ke da teku.

Kawu. Ban san ranar da na zama ɗan uwan uwarta ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Shugabar ta ce an riga an soke su daga rajista, yanzu kayan mai zane ne, ba ta da ta cewa. Wannan shi ake kira shugabanci yanzu.

Na nemi Akawu ya goya min baya. Tare muka tsufa a wannan ɗaki, shi yana barci a kan jarida ni ina karatu. Ya ce, "Safiyo, rabin ƙasashen da ke cikin littafin nan sun sauya suna, wasu ma babu su." Na ce kai ma ofishin da ka yi wa aiki babu shi, a yanka ka? Ashe ya ba da sunansa zai karanta waƙa ranar buɗewa. Akawu! Mutumin da ko gaisuwa sai ya yi tuntuɓe.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Auta ta bugo waya. Na ba ta labari don ta taya ni jin haushi, sai ta tuntsire da dariya har tana tari. "Wato Baba, kai ka kashe su da tsaftarka? Mama ta sha faɗa mana, ko cokali aka ajiye a karkace sai ka gyara." Na ce ba ta da kunya. Ta ce gado ta yi. Na kashe wayar.

Ba ni na ƙirƙiro dokar banzan nan ta amalanke ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na koma ɗakin baya. Ba don komai ba, don in ga ko ta taɓa na ukun. Ba ta taɓa ba, ta ce sai jibi.

Na tsaya ina kallon yadda take ɓarna. Tana ɗora samfurin tsuntsun a tsakiyar shafi, ta yanke ɗaya, ta jefar da sauran takardar. Shafi mai faɗin tire, tsuntsu ɗaya! Kuma duk tekun da ke gefe-gefe, shuɗin da take kuka a kansa, yana cikin kwando. Na zazzage kwandon a ƙasa. Ta ce, "Kawu, lafiya?" Na ɗauki samfurin na juya shi kai da ƙafa, na cusa fiffiken wannan a hammatar wancan, kamar yadda muke yi a ofis lokacin da takardar zane ke wuya. Biyar suka shiga shafi ɗaya. Na ce abin da ya rage na mujalladi na biyu, da wannan sharar, zai rufe mata silin.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce almakashinta ba zai shiga waɗannan lungunan ba, kuma lokaci ya ƙure, ita kaɗai ce. Na ce da reza da rula ake yi. Ta ce, "Wa zai yi?"

Shegiyar yarinya. Ta san amsar.

Mun yi magana a kai: idan tsuntsaye sun isa, na uku ya koma kanta. Idan ba su isa ba ranar Juma'a, za ta shiga teku.

Talata, 21 ga Oktoba

Na buɗe akwatin kayan aikina, wanda ban taɓa ba tun ranar da na bar ofis. Rular ƙarfen ba ta yi tsatsa ba.

Yau na yanka littafi da hannuna. Shafin farko sai da na fita na sha iska. Ba zan ƙara rubuta komai a kai ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Hannuna yana rawa, abin da ban sani ba sai yanzu. Na lalata biyu, fiffikensu ya fito da ƙananan haƙora. Na kai hannu zan jefar, ta fizge. Ta naɗe ɗaya ta ɗaga shi gaban fanka, ta ce, "Ka gani? Wannan ya fi nawa kama da gashin tsuntsu." Daɗin baki ne don in ci gaba da yi mata aikin banza.

Naɗin dai ita ta iya. Na gwada, nawa ya fito kamar kaza da mota ta taka. Ta yi dariya har fensirin ya faɗo daga ɗankwalinta. Ban ga abin dariya ba.

Na kafa doka ɗaya: ba a yanka suna biyu. Ko gari ya shiga fiffike gaba ɗaya, ko ya fita gaba ɗaya. Ta ce wa zai karanta daga ƙasa? Na ce ba don mai karantawa ake yi ba, don wanda ya rubuta ake yi. Daga baya na ga tana gyara zaman samfurin don ta kauce wa wani kogi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Ta hau tsani tana ratayewa, ni ina miƙa mata. Da aka zo kusa da ƙofa tsuntsaye suka ƙare, ga fili ya rage kamar faɗin tabarma. Ta sauko ta kalli kwalin. Na kalli kwalin.

Na ce a ja zaren a ƙara tazara. Ta ce zai yi kama da kan mai sanƙo, tana kallon kaina. Na ce akwai takardun cikin bango na mujalladi na ɗaya da na biyu, da shafukan jerin sunaye na baya. Ta ce ba shuɗi ba ne. Na ce a wace ƙasa aka ce duk tsuntsu shuɗi ne? Muka yi ta yi har masu gadi suka fara karkaɗa makulli. Ta sa farare a gaba, kamar su ke jan tawagar.

Ta ɗauko na ukun ta ɗora min a hannu. "Kawu, ga tekunka." Ya fi yadda na sani nauyi. Shugabar ta ce za ta sake ba shi lamba ranar Litinin.

Ban yi godiya ba. Kayan laburare ne aka mayar wa laburare.

Asabar, 25 ga Oktoba

Buɗe baje koli. Hayaniya, turare, mutanen da ba su taɓa taka ƙofar nan ba suna ɗaukar kansu hoto. Akawu ya karanta waƙarsa, ya ɓata a tsakiya, aka yi masa tafi don ya zauna. Shugabar ta ambaci sunana a lasifika ba da izinina ba.

Auta ta zo da mijinta. Ta ɗaga kai ta daɗe, sannan ta ce, "Baba, waɗancan masu haƙora naka ne ko?" Yadda aka yi ta gane ban sani ba.

Wata mata mai goyo ta karanta suna a fiffiken wani da ya sauko ƙasa-ƙasa, ta ce ina ne nan? Ba wanda ya sani. Mai zanen ta nuno ni da haɓa. Na buɗe na ukun a babbar taswirar duniya da ke farkonsa na nuna mata, don kawai a daina tambayar banza. Kafin in ɗago mutane sun kewaye teburin, kowa da sunan da ya tsinto a silin. Wani ya sa yatsa mai maiƙo a kan shafi, na buge hannun. Ya ba da haƙuri, bai tafi ba.

Ƙafafuna sun kumbura. Shirme ne dai, amma zaren ya riƙe.

Talata, 28 ga Oktoba

An mayar da teburina gefen taga. Na juya kujerar ta kalli cikin ɗaki, saboda hasken rana yana damun idona kwanan nan. Idan fanka ta juyo sukan motsa gaba ɗaya, fararen su fara. Ina duba su ne don kada wani ya faɗo wa mutum a ka.

Yarinyar ta leƙo. Wai wata mai zuwa za ta koya wa matan unguwa yanka da naɗi, da tsofaffin jaridu, kuma ba ta da mai nuna musu riƙon reza. Na ce ta nemi mahauci. Ta ce Laraba ne da hantsi, ta tafi.

Na yi awa biyu a tsibirai. Da na gama na ɗauki littafin na nufi kanta, har na durƙusa. Sai na miƙe na kai shi bakin ƙofa na ɗora a kan amalanken nan nasu, tsakanin wani littafin girki da labarin soyayya. Na daidaita bayansa. Akawu ya buɗe ido ɗaya ya kalle ni, na ce ya koma barcinsa.

Rular tana cikin aljihun rigata har yanzu. Mantawa na yi ban mayar akwati ba.